Musanyar da Aka Yi da Fatiha

Ku samarin da kuka shigo dillancin gidaje kwanan nan, na lura kuna ɗaukar abin kamar wasa. A ɗauki hoton falo da waya, a ɗauki na banɗaki in an sa masa tayil, a watsa wa duniya, a koma gindin bishiya a jira la'ada. To, Allah ya ba da sa'a. Amma ni da na yi shekara talatin da 'yan kai ina wannan sana'a a Ƙofar Kaura, ina gaya muku wanda kuka sayar wa gida ba ku damƙa masa takarda mai kyau ba, baƙo kuka ajiye a ciki, ko da zai shekara ashirin yana shafa masa fenti.

A hannun Alhaji Dikko na koya, Allah ya jiƙansa. Shekara uku ina riƙe masa jaka kafin ya yarda in buɗe baki a gaban mai saye. Jakar fata ce baƙa, har yanzu tana wurina. A cikinta akwai tef na awo mai ƙafa ɗari, da takardar kabon ta yin kwafi, da ɗan gwangwanin tawadar dangwale, da tsinken huda takarda da igiyar ɗaure fayil, sai wani gilashi mai ƙara girman rubutu wanda yake duba hatimi da shi. A shago kuma akwai tafireta mai cin harafi ɗaya, kullum sai an bi shi da biro an cike.

Aikin farko da ya ba ni ni kaɗai, wani gida ne a Ƙofar 'Yandaka. Magada suka kawo takardu, na zauna a kan benci na karanta su tsaf, na ce masa komai daidai. Ya tambaye ni a ina na karanta. Na ce a nan shago. Ya ce to in tashi in koma, da ƙafa, in tsaya a ƙofar gidan in sake karantawa. Rana tana tsakiya, na tafi ina gunaguni a zuci. Da na auna, sai na tarar zauren gidan ya ci ƙafa huɗu a cikin filin maƙwabci, takarda ba ta san da su ba. Na dawo jiƙe da gumi, bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Lawal, takarda a tsaye ake karanta ta, a bakin ƙofar da take magana a kai.” Tun daga ranar ban sake karanta takardar gida a zaune na ce na gama ba.

Gidajen gargajiya na cikin birni ma da sauƙinsu, don mai unguwa da dattawan layi sun san tarihin kowace katanga. Inda ake gane dillali shi ne gidajen nan na bene da aka gina wa ma'aikata, gini ɗaya gida huɗu, biyu a ƙasa biyu a sama. Ma'aikaci yakan shiga ana cire masa wani abu daga albashi, kuma muddin bai gama ba, gidan nasu ne su biyu, shi da hukumar da ta gina. Sai ya kammala ake sakar masa. Ko a nan ma ƙasar da ginin yake kai ba tasa ba ce har abada, haya ce mai dogon wa'adi, akwai kuɗin ƙasa da ake sabuntawa. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai ranar da suka tashi sayarwa.

In irin wannan gida ya zo hannunka, abin da za ka fara nema shi ne takardar rabo, wadda aka ba mutum tun farko da sunansa da lambar gidan. Daga nan takardar da ke shaida ya kammala, hukuma ta cire hannunta. In babu ita, rabin gida kake tallatawa. Sai satifiket na mallaka, ko takardar da ke nuna yana kan hanya, da rasit na kuɗin ƙasa. Bayan an yi ciniki lauya ya rubuta yarjejeniyar sayarwa, a kai ta a nemi izinin hukuma, don ba a canja suna a kan irin wannan gida da baki. In mai gidan ya rasu kuwa, sai an zo da takardar kotu mai nuna su wane ne magada, kuma kowannensu ya sa hannu. Na taɓa yin wata biyu ina jiran dangwalen wata ƙanwa da ke aure a Maraɗi, duk sauran sun sa hannu, ciniki yana tsaye kamar jaki a bakin rafi.

Masu gida kuwa kowa da irin tasa. Akwai wanda zai kawo maka takardu a cikin kwalla, matarsa ta adana su da kanumfari, ko ƙura ba su yi ba. Akwai wanda gara ta cinye masa daidai wurin lambar gida, ta bar masa gaisuwar da ke sama. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne 'yan gayu masu kai takarda ta asali a liƙe ta da leda mai zafi, wai don kada ta lalace. Ka je ofis a ce za a buga hatimi a bayanta, ina za a buga? A kan leda? Sai an koma rantsuwa a kotu da neman kwafi. In kun ji wani zai yi haka, ku riƙe masa hannu.

Akwai shekarar da ba na mantawa, wadda aka dakatar da ba da izinin sayarwa gaba ɗaya, ana kwashe fayil-fayil ana shigar da su kwamfuta. Abin alheri ne, yau muna cin moriyarsa, amma mu a lokacin mun ji jiki. Wata goma sha ɗaya ban rufe ciniki ko ɗaya ba. Wasu abokan sana'a suka riƙa haɗa mutane da takardar hannu, a ba da makulli, a ce in an buɗe a gyara. Ni na ƙi, don na san ƙarshenta kotu. Na koma buga wa mutane takardar haya da wasiƙar neman aiki, na sayar da babur ɗina, na dawo hawa keke da furfurata. Masu shayin layinmu har suna tsokanata, wai Malam Lawal ya koma makarantar firamare.

Ana buɗewa, aikin farko da ya shigo mini shi ne na Malam Rabe. Ɗansa Kabiru ne ya kawo takardun, magidanci mai hankali, malamin makaranta. Ya ce mahaifinsa tsohon ma'aikacin lafiya ne, ya yi ritaya, gwiwoyinsa sun ƙi. Gidansu a sama yake, matakala goma sha tara, kuma tsohon ya kai wata biyar bai taka ƙasa da ƙafarsa ba. In za a kai shi asibiti, a kan kujerar roba Kabiru da ƙanensa suke sauko da shi. Ko Juma'a ta gagare shi. Shi ya sa suke so a sayar, a nema masa ɗan gida na ƙasa. Har sun sami mai saye, wani ɗan kasuwar hatsi.

Na duba takardu, ban taɓa ganin masu tsabta kamarsu ba. Takardar rabo, ta kammalawa, rasit na kowace shekara an jera an ɗaure da zare. Bayan wata goma sha ɗaya na yunwa, zuciyata ta ce Lawal, kira lauya kawai. Amma na hau kekena na tafi. Na tsaya a gaban ginin na buɗe takarda: gida mai lamba biyu, hawa na ƙasa, ɓangaren da ke kallon titi. Na ɗaga kai. Lamba biyu ga ta nan a ƙasa, labule a ƙofa, wata dattijuwa tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, sandarta a jingine da bango. Kabiru kuwa yana tsaye a kan matakala yana yafuto ni in hau sama, zuwa lamba huɗu.

Na hau. Malam Rabe yana kishingiɗe a bakin taga, dogon mutum wanda zama ya rage. Muka gaisa, gajiya, iyali, jiki da sauƙi, sannan na ce, “Malam, gidan da kake ciki lamba huɗu ne, takardarka kuwa lamba biyu ta ce. Ƙaƙa aka yi?”

Sai ya yi dariya, kamar na tuna masa wani abin daɗi. Ya ce, “Af, wannan ai tsohon zance ne. Lokacin da aka raba mamu, ni aka ba ƙasa, Sada aka ba shi sama. Tare muke aiki da shi. Shi ko tsohuwarshi tana wurinshi, ba ta iya taka matakala. Ranar da muka zo amsar makulli na gan shi tsaye shina kallon benen nan, bai ce komi ba. Na ce mashi kawo makullinka, ga nawa. Liman na nan, ya yi mamu fatiha, shi ke nan.”

Na ce, “Kun rubuta?”

Ya dube ni kamar na zage shi. “Mu rubuta mi? Da Sada?”

To kun ji. Shekara ashirin da biyar kowa yana zaune a gidan ɗan'uwansa, ana cire wa kowa a albashi da lambar da ke kan takardarsa, har kowa ya kammala aka ba shi shaidar gidan da bai taɓa kwana a ciki ba. Tsohuwar da aka yi dominta ta daɗe da rasuwa. Malam Sada ma ya rasu shekara uku kafin nan. Dattijuwar da na gani a ƙasa matarsa ce, Hajiya Indo, ita ma da sanda take tafiya. A idon hukuma, gidan da take ciki na Malam Rabe ne, nata da 'ya'yanta shi ne na sama. Da na zauna a shago na rufe cinikin nan, da mai hatsi ya biya kuɗin sama ya riƙe takardar ƙasa, kuma duk ranar da ya gane, da takarda a hannu zai zo ya ce Hajiya ta fita.

Kabiru ya rako ni ƙasa, muka tsaya a bayan ginin. Ya ce, “Baba Lawal, to ai sayarwar ma ba ta taso ba. Ƙahwa ce ta sa za mu sai da gidan. In ƙasa tashi ce, shi sauko shi zauna cikin abinshi, su Hajiya su hau. Shekara ashirin da biyar ai an yi zumunci.” Ba zan ce muku mugun yaro ne ba. Wanda yake ɗaukar ubansa a kujera, bayansa yana amsawa, yana da bakin faɗin haka. Na hau kekena na koma shago.

Kafin yamma mai hatsi ya ji labari, don a garin nan magana ba ta kwana. Ya zo shago da fara'arsa ya ce in dai na ƙasa ne a takarda, shi ya fi so, zai fasa bango ya fitar da shaguna biyu a bakin titi, kuma zai ƙara kuɗi sosai. La'adata za ta kusa ninkawa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kwaɗayin kuɗin nan, don a ranar ko kuɗin cefane sai da na yi dabara. Amma aikin dillali shi ne ya shimfiɗa wa mai abu gaskiyar takardarsa gaba ɗaya, har da wadda ba za ta kawo wa dillalin komai ba, sannan ya ja bakinsa.

Washegari na koma na zauna a gaban Malam Rabe, Kabiru yana gefe. Na ce wa tsohon yana iya sayar da ƙasa yadda takarda ta ce, da tsada. Yana iya saukowa ya zauna a cikinta, ba mai hana shi. In kuma musanyar nan yake so ta tabbata, to hanya ce mai tsawo: shi zai rubuta, magadan Malam Sada su rubuta, a samo takardar kotu ta gadonsu, safiyo mai awon fili ya zo ya duba, a kai hukuma ta amince a canja lambobi. Zai ɗauki watanni, mai saye yana iya tafiya, kuma duk tsawon lokacin yana nan sama. Na ƙara da cewa ko wacce ya zaɓa, dole in gaya wa Hajiya Indo, don ita ma takardar da ke cikin akwatinta ba ta gidan da take ciki ba ce. Ya ce in ba shi kwana biyu.

Na sauka na yi sallama a lamba biyu. Babban ɗanta yana nan, a gabansa na yi bayani. Hajiya Indo ta saurara har na gama, hannunta a kan sanda. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Marigayi ya gaya mani sun yi musanya, na ɗauka magana ta ƙare tun can.” Sannan ta ce, “To yaushe Malam shike son mu tashi?” Na ce ba wanda ya ce ta tashi. Ta ce, “Ai ba sai ya ce ba. Mutum ya ba ka inuwa shekara ashirin da biyar, yanzu rana ta dake shi, sai ka jira ya roƙa?” Na yi mata sallama na fita. Na tausaya mata ƙwarai, don na ga yadda take ɗaga ƙafa kafin ta haye dokin ƙofarta, balle matakala goma sha tara.

Bari in gaya muku yadda takardun suka ƙare tun yanzu, don ku san nauyin abin. Wata bakwai suka ci. Na yi sawu ofis har masu gadi suka san ƙarar kekena. Magadan Malam Sada su shida ne, ɗaya yana aiki a Kaduna, sai da na jira hutunsa. Mai hatsi ya janye tun a wata na biyu, har ya daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci. Wani ma'aikacin banki ne ya sayi saman daga baya, a farashin sama, na karɓi la'adata 'yar daidai. Amma ranar da nake so ku riƙe ita ce ta uku bayan maganata da Hajiya.

Da hantsi Kabiru ya kira ni a waya, muryarsa wata iri, ya ce Baba ya ce in zo da takardar musanya da tawada. Ashe da safe matar Kabiru ta sauka ɗebo ruwa, ta tarar Hajiya Indo ta sa an sauke labulaye, an ɗaure tukwane a cikin zannuwa, jikoki suna fitar da kaya tsakar gida. Da labari ya kai sama, Malam Rabe ya ce a kawo kujera.

Ina isa ana sauko da shi. Kabiru a gaba yana ja da baya, ƙanensa a baya, suna taka matakala ɗaya su huta, tsohon ya riƙe hannun kujera da ƙarfi, hularsa ta karkace. Suka ajiye shi a ƙofar lamba biyu. Ya yi sallama, aka amsa, ya ce a shigar da shi. A tsakiyar falon aka sauke shi, tsakanin ƙullin kaya. Hajiya Indo ta ja mayafi ta zauna a gefe, suka gaisa kamar ba abin da ke faruwa, ta tambayi ƙafa, ya tambayi tata.

Sannan ya ce, “Hajiya, wannan kayan hwa?”

Ta ce, “Malam, gidanka ne. Allah shi saka da alheri, mun gode.”

Ya ce, “Ni na ba Sada gidan nan gaban liman. In kina son maido mani, sai ki bari in je in tambaye shi tukuna.” Ya juya wurin jikokin ya ce, “Ku kwance tukwanen nan, rana na yi, ba a ɗora komi ba.”

Kabiru ya durƙusa kusa da shi, a hankali ya ce, “Baba, ka dai duba. Wata nawa za ka ƙara a sama?” Tsohon ya ce, “Na duba. Bayanka ne ke ciwo, na sani, ka yi haƙuri da ni kaɗan.” Kabiru ya sunkuyar da kai.

Na buɗe jaka na fitar da takardar, kwafi uku, na karanta musu da Hausa layi bayan layi. Da na zo inda aka ce shi, Rabe, ya sallama duk wani haƙƙi da yake da shi a kan gida mai lamba biyu, sai ya ɗaga hannu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, “Ka ƙara cewa da ni da magadana. Ina son a rubuta da kyau, kada bayan raina wani ya karanta ta wata fuska.” Na ƙara da biro, ya sa hannu a gefen gyaran, ya sa a ƙasa. Na miƙa wa Hajiya tawada. Ta daɗe tana kallon takardar, hawaye yana sauka a kan mayafinta, sai da ɗanta ya kama mata yatsa ta dangwala.

Malam Rabe ya zauna ɗan lokaci yana kallon falon, taga, ƙofar da ke fita kai tsaye zuwa tsakar gida ba hawa ba sauka. Iska tana shigowa daga titi, ana jin masu wucewa suna gaisawa. Ya ce, “Ashe ƙasan nan akwai sanyi.” Ya gyara hularsa, ya dafa kafaɗar Kabiru ya ce, “To, bismilla.”

Suka ɗaga kujerar, suka fara hawa da shi.